Ranar da Na Hutar da Yohanna

Har gobe ban manta da ranar da na hutar da Yohanna ba. A shekarar da aka karɓi mulkin kai ne, ina akawu a wata ma'aikatar gine-gine a nan Bauchi, kuma ni ke horar da 'yan hokinmu. Hoki dai ƙwallo ce da ake korawa da sanda mai lanƙwasasshen kai.

Ku na yanzu kun huta. A zamaninmu babu canji, wanda ya shiga fili sai an tashi. In kana son ɗan wasa ya huta, sai ka hana shi wasan gaba ɗaya. 'Yan baya biyu ake sawa, ni kuwa uku gare ni: Yohanna, kafinta ɗan Dass, da Malam Sule na Ƙofar Wambai, da Garba ɗan Zungur. Kowane wasa biyu su shiga, ɗaya ya zauna.

Makon da baƙi za su zo daga Jos, gwiwar Yohanna ta kumbura suntum. Shugaban ƙungiyarmu ya kira ni ya ce lallai in sa shi. Na ce, "Ranka ya daɗe, hawan tsani ne abincinsa. In gwiwar nan ta tafi, wa zai riƙe masa gida?" Da ƙyar ya yarda. Na haɗa Malam Sule da Garba.

To, da daminar shekarar Garba ya auri 'yar Malam Sule. Na ci goron, amma wa ya taɓa tunanin surukuta za ta biyo mu fili?

'Yan baya kuwa da baki suke aiki: taka ce, tawa ce, rufe can. Aka fara wasa, Garba ya sunkuyar da kai. Ƙwallo ta taho tsakaninsu, ya ja da baya don girmamawa, Malam Sule ya kau da kai don kunya, ɗan Jos ya wuce abinsa. Sau biyu ana haka, sau biyu ana cin mu. Raina ya ɓaci.

Da aka zo hutu na ce, "Garba, bakinka ciwo yake?"

Ya ce, "Malam, ta yaya zan daka wa Baba tsawa a gaban jama'a?"

Malam Sule ya ce, "Yaron yana da tarbiyya."

Tarbiyya!

Da aka koma sai na ji murya a bakin fili: "Garba, Baba ya ce ka rufe hagu! Malam Sule, surukinka ya ce ƙwallon taka ce!" Yohanna ne ya naɗa kansa ɗan aike. Duk inda ƙwallo ta yi, yana nan yana ɗingishi a guje. Na yi ihu ya zauna, na kama rigarsa, ya fizge. Ba a ƙara cin mu ba, har shugaba yana ta tafa hannu.

A kafaɗa muka kai Yohanna gida. Bai sake hawan tsani ba sai bayan Kirsimeti, kullum matarsa ta gan ni sai ta ce, "Sannu, mai ba da hutu."

Tun ranar na gane cewa cire mutum daga fili ba shi ne hutar da shi ba. Kuma kafin in raba wasa, sai na tambayi wa ya auri 'yar wa.