Dakta Abdulbaqi, Wa Zai Hau Duwatsun Bana?

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. A ranar Laraba, 18 ga Shawwal 1446, daidai da 16 ga Afrilu 2025, Allah ya karɓi ran Dakta Abdulbaqi Nguru, likitan tsuntsaye a nan Doha. Ya yanke jiki ya faɗi a wata gona a Umm Salal yana duba wani shaho mai karyayyen fiffike, kafin a isa asibiti rai ya yi halinsa.

Yaya, ni ne Uwais, ƙaninka na zaman Doha, wanda ka saukar a gidanka na unguwar Mu'aither lokacin da na zo koyarwa ban san kowa ba. Matarka, Anti Safiyyatu, ta riƙa ciyar da ni har na samu muhalli, kai kuma ko sau ɗaya ba ka nuna ka gaji ba.

A falonka na fara jin cewa wasu daga cikin shahunan da ke ratsa ƙasashen Larabawa da sanyi, can ƙarshen arewacin duniya suke ƙyanƙyashe ƙwai, a gefen duwatsun da ke bakin koguna masu ƙanƙara. Kusan shekara ashirin, duk bazara kana barin zafin Doha ka tafi can, ka ɗaura igiya a ƙugu, ka leƙa sheƙa bayan sheƙa don a san ko suna ƙaruwa ko suna ƙarewa. Ka ce min shekara ɗaya ba ta faɗin gaskiya, sai an jera shekaru ba tsallake. Ni taimakon da nake maka kawai bin sawun tsuntsayen da ka ɗaura wa na'ura, ina zaune gaban kwamfuta.

Ka yi azumi a ƙasar da rana ba ta faɗuwa, kana bin lokacin Makka, kana buɗa baki rana na haska maka fuska. Wani attajiri ya taɓa zuwa har gida yana roƙon ka faɗa masa inda sheƙun suke, don a kamo masa 'ya'yan. Ka zuba masa shayi da hannunka, ka ce, "Khalas, a bar maganar, ranka ya daɗe. Amana ce." Ka raka shi har mota.

Bara ka kira ni daga can. Ruwan sama ya sauka a lokacin da ba a saba ba, ya jiƙa 'ya'yan shahunan, sanyi ya kashe su a sheƙa. Ka ce, "Uwais, dutsen da na fara hawa ina saurayi yau ba shaho ko ɗaya." Ka dawo da niyyar bana za ka tabbatar ko tsautsayin shekara ne ko kuwa ƙarewa suke yi.

To ga bana ta zo, Yaya. Na buga wa duk wanda na sani waya. Abokan aikinka na Turai sun ce ba su da wanda zai maye gurbinka kafin Yuni. Tsohon nan mai kwale-kwale, wanda ke kai ka duwatsun, ya kira lambarka jiya. Anti Safiyyatu ta miƙo min wayar. Da guntun Turancinsa ya ce ƙanƙarar kogi ta kusa narkewa, yaushe Dakta zai iso? Wallahi na kasa faɗa masa ka rasu. Na ce za a zo.

Wa zai zo? Ni da ko tsani na hau sai jiri ya kama ni? Na ɗauko takalmanka na hawan dutse na gwada, sun yi min yawa. Duk da haka na nemi biza. Ban sani ba ko zan iya, amma na kasa zama ina kallon aikin rayuwarka yana yankewa.

Ya Allah ka jiƙan bawanka Abdulbaqi, ka yafe masa kurakuransa, ka haskaka kabarinsa, ka sa tausayin da ya nuna wa halittunka ya zame masa haske. Ina miƙa ta'aziyya ga Anti Safiyyatu, da 'ya'yansa Bilqis da Umar Faruq, da 'yan'uwa na Nguru. Allah ya ba mu haƙurin rashinsa. Ni kuma ku sa ni a addu'a, Allah ya riƙe min ƙafafuna.