Yatsu Bakwai da Na Ɗaga a Yola

Damina biyu ke nan da dawowarmu daga gudun da muka yi zuwa Kamaru, shekarar da aka sake yi wa rumfunan layinmu kwano, aka ce ƙullutun da ke cikina ciwon daji ne, sai an yi aiki. Mun tashi da asuba daga Sabon Layi, ni da 'yata. Kafin Hong sau uku sojoji suna sauke mu. Wani cikinsu ya ce in ɗaga hannu, na ce ɗan nan, da hannun zai ɗagu ai da ina gona. Ya yi dariya ya ce in wuce. A Gombi 'yata ta sayi dafaffiyar gyaɗa, ga tsada ga rashin gishiri.

A babban asibitin Yola likitar sa barci, wata siririya, ta ce allurar kashe zafi iri biyu suke gwadawa, ɗaya a baya, ɗaya a gefen ciki, su ga wadda ta fi daɗewa bayan aiki. Na yarda, na dangwala yatsa a takardarsu. Ni ta gefen ciki ta faɗo mini. Maƙwabciyar gadona, Kuve, wata Kirista 'yar Michika, ta baya.

Da na farfaɗo, nas ta ce in nuna zafin da yatsu, daga ɗaya zuwa goma. Ni da na haifi tara a bayan ɗaki ko tari ba a ji ba? Na dunƙule hannu. Kuve kuwa ta ɗaga biyu, har da hira. Kafin la'asar cikina kamar an zuba garwashi, amma hannuna a dunƙule.

Likitar ta zo ta dubi gumin goshina.

"Mama, yi tari in gani."

"Ba na jin tari."

"To. Zan rubuta allurarki ta fi kashe zafi. Matar da za a yi wa aiki gobe, irin taki za mu so mata."

Na san matar, a ɗakinmu take kwance. Daga Betso aka kawo ta a kan babur, ko ƙwarin zama ba ta da shi. Kuve ta leƙo ta ce, "Yaya, nan ba ɗakin haihuwa ba ne, ba mai yi miki guɗa."

Na buɗe hannu. Biyar, na ƙara biyu. Aka ƙara mini magani, na yi tari, washegari na taka har bakin ƙofa.

Mun dawo bayan kwana tara, direba na lallaɓa ramukan Song saboda ɗinkina. Abin da na koyo, haƙurin da zai ja wa wata wuya ba jarumta ba ne. Mu huɗu ne a ɗakin. Ɗaya Allah ya yi mata rasuwa. Ta Betso tana nan, ta aiko mini da ridi. Kuve ma tana nan, duk ranar kasuwa in ta hango ni sai ta ɗaga yatsu bakwai.