Hantar da Umma Ta Tauna

A gidanmu na unguwar Cocotiers, can ƙasar waje nesa da Kano, ba a cin nama. Ba kaza, ba rago, ko kifi Umma ta daina saye, a garin da in ka tsaya bakin titi kana jin ƙarnin teku. Wake muke ci, da miyar gyaɗa, da ganyen rogo da ayaba. 'Ya'yan maƙwabta suna ce mana 'yan gidan awaki, ni kuwa nakan rama da duka, don tun ina ƙarama hannuna ya fi bakina sauri. Ranar Babbar Sallah Baba yakan sayi ragonsa, a yanka a gidan amininsa a rabar, ko ƙashi ba ya shigo mana.

Kowa a unguwar ya san dalili, amma ba mai faɗa. Baba yana da butik, wato kanti, a unguwar Plaine Orety, da wani ƙaton firigo, firji ke nan, na kaji masu ƙanƙara. Wata rana aka ɗauke wuta aka daɗe ba a dawo da ita ba, kajin suka narke, suka sake daskarewa. Baba ya ga bai kamata ya sayar wa mutane abin da yake shakka ba. Ya zubar da waɗanda suka yi wari, ya zaɓi guda da ya ga kamar lafiyarta ƙalau ya kawo gida. Dukanmu muka kwanta da amai da gudawa. Mu da muka yi ƙwari muka tashi. Ƙanena Sadiƙu kuwa, wanda ba a daɗe da yaye shi ba, wanda Umma ce da hannunta ta yaga masa tsoka ta sa masa a baki, bai tashi ba. Baba ya rabu da firigon. Ba wanda ya yi rantsuwa, ba wanda ya kafa doka, kawai dai nama bai sake shigowa gidan ba.

Bayan shekaru aka haifi Safiya. A can ƙasarmu, in lokacin yaye ya yi, wurin kaka ake kai yaro. Mu kuwa tsakaninmu da kakarmu akwai ƙasashe, sai Baba ya aika aka zo da ita daga ƙauyensu na ƙasar Kano. Iya, mahaifiyar Umma, ta sauka da ƙullin kayanta da mitarta. Haƙori ko ɗaya ba ta da shi, amma ba a taɓa kada ta a magana ba. Ta ce wannan wane irin gari ne da sama ba ta gajiya da zuba, mutanensa kuma suna magana ta hanci. Umma ce 'yarta ta fari, saboda haka ba ta taɓa kiran sunanta ba, sai dai ta ce "ke yarinyar nan", alhali yarinyar nan tana da 'ya'ya.

Da an idar da magariba Iya takan sa a hura mata gawayi a baranda. Garin da zafi, amma ta ce ƙafafunta ba su sani ba. Ta ɗora tukunyar kunun Safiya, ta goya Safiyar, mu da yaran maƙwabta mu kewaye murhun, ruwa na dukan kwanon rufi. Tana da nata salon buɗe tatsuniya. Sai ta ƙwanƙwasa gefen murhu da muciya ta ce, "Ga baƙuwa nan a ƙofa." Mu ce, "Ta shigo mu ji ta." Ina son waɗannan dararen har yau, kuma duk lokacin da na ji ƙamshin gawayi cikin ruwan sama sai su dawo mini.

Yayen bai yi daɗi ba. Safiya ta ƙi kunu, ta ƙi waken da aka dama mata. Tafin hannunta ya yi fari, gashinta ya yi ja ya fara kakkaɓewa, kukanta ma ya daina fita sosai. Aka kai ta lopital, wato asibiti, likita ya ja fatar idonta ya duba, ya ce jini ya yi mata ƙaranci. Ya ba da magani na kwalba, ya ce a haɗa mata da hanta da nama. Umma ta dawo ta ba ta maganin, sauran maganar kuwa ta haɗiye ta. Baba ne ya tsuguna daga bakin ƙofar ɗakin Iya ya gaya mata.

"To Malam, me ake jira?" in ji Iya. "Ka sayo kaza mai rai, ka yanka da hannunka."

"Iya, ba ni za ki tambaya ba," ya ce, kansa a ƙasa.

Umma tana tsaye a bayansa. Ta ce, "Iya, na ba wa ɗaya da hannuna. Ba zan ba wa ta biyu ba."

Na zaci Iya za ta yi faɗa, don ba ta barin ta kwana. Sai kawai ta gyara goyonta.

Da yamma muka taru kamar kullum. Umma ba ta zama wurin tatsuniya, amma ranar tana daga cikin labule tana tsintar wake, kuma na lura Iya ta ɗaga murya fiye da yadda ta saba.

Ta ce an yi wata mata a wani gari mai rijiya ɗaya. Ɗanta na fari ya sha ruwan rijiyar ya mutu. Matar ta ce ita da rijiyar nan har abada. Da ta haifi 'ya mace ta yaye ta, sai ta riƙa fita da asuba da 'yar ƙwarya tana tara raɓa daga ganyaye, da ita take shayar da yarinyar. Damina ta wuce, kaka ta wuce, bazara ta shigo, ganye ya bushe, raɓa ta ƙare. Yarinya ta yi ta ramewa har uwar ta daina jin nauyinta, sai ta riƙa kai hannu baya tana taɓawa ta ji ko goyon yana nan. Da Iya ta zo nan sai ta kai nata hannun baya ta taɓa Safiya, duk muka bi hannun da kallo.

Ta ce da abin ya ishi matar, sai ta ɗauki guga da almuru, lokacin da ba kowa a bakin rijiya. Ta leƙa. A can ƙasa, kan ruwan, ga fuskar ɗanta yana kallonta, bai girma ba, bai canza ba. Iya ta ƙanƙance murya ta yi maganar yaron: "Inna, kin zo? Na daɗe ina jin tafiyarki kina kewaye ni."

Wata yarinya a cikinmu ta fara kuka. Ni kaina na matsa jikin murhu. A cikin labule ƙarar wake a faranti ta tsaya.

Iya ta daɗe tana juya kunu kafin ta ci gaba. Ta ce yaron ya ce, "Inna, ba ruwan nan ne ya kawo ni nan ba, kwanana ne ya ƙare. Ki ɗiba ki fara sha, sannan ki ba ƙanwata." Matar ta zura guga, ta ɗibo, ta kurɓa, ta ba wa 'yarta daga bakinta. Kafin ta kai gida goyon ya yi nauyi har zane yana kwancewa. Yarinya ta girma ta yi aure ta cika gari da jikoki. "Nan baƙuwarmu ta gaji ta yi sallama," in ji Iya, ta kore mu mu je mu kwanta.

Washegari da hantsi Umma ta ce wa Baba, ba tare da ta dube shi ba, ya je kasuwa. Ya dawo a taksi da jar kaza a hammata. Ya wasa wuƙa ya daɗe yana wasawa, ya yi bismilla ya yanka a bayan gida. Iya ta fige, ta ciro hantar ta ɗaga ta a rana ta duba gaba da baya, ta dafa ta har ta yi laushi. Ƙamshin ya cika gidan, yawuna ya tsinke, na ji kunyar kaina.

Umma ta kawo cokali za a murƙushe. Iya ta ture shi. Ta ce, "A garinmu ba a ba wa yayayye naman farko da ƙarfe. Tauna masa ake yi, ya karɓa da ɗumin bakin nasa." Sai ta buɗe bakinta ta nuna mana dasashi. "Ni kuwa kun gani."

Baba ya miƙo hannu zai ɗauka, Umma ta riga shi. Ta gutsiri hantar ta sa a baki. Na ga maƙogwaronta yana motsi kamar za ta yi amai, hawaye na bin kumatunta, amma ba ta daina taunawa ba. Ta haɗiye na farkon. Ta zauna tana jira, mu ma muna jira, ban san me muke jira ba a lokacin. Sannan ta tauna na biyu, ta fitar a yatsa, ta sa wa Safiya a baki. Safiya ta yamutse fuska, ta mamula, ta haɗiye, ta sake buɗe baki. Ranar Umma ba ta ajiye ta ba, ta manta da dokar yaye, ita kuma Iya ba ta tuna mata ba.

Safiya ta rayu. Yanzu ita ce mai jiki a cikinmu, ga 'ya'ya, ga baki irin na Iya. Na girma ina ganin na fahimci tatsuniyar sarai: tsoro bai kamata ya hana uwa ciyar da ɗanta ba, abin da Allah ya rubuta kuma ba makawa. Har nakan ba wa ƙawayena labarin da alfahari, in ce kakata ta warkar da gidanmu da tatsuniya ɗaya.

Bayan rasuwar Iya muka je ƙauyensu ni da Umma. Wata yamma na ji wata tsohuwa, ƙanwar Iya, tana ba wa jikokinta tatsuniyar matar nan mai tara raɓa. Na matso ina murmushi. Komai daidai yake har zuwa bakin rijiya. Amma a bakinta yaron cewa ya yi, "Inna, ni kaɗai ne a nan, akwai duhu. Ki ba ƙanwata ta sha." Matar ta ba ta. Da ta isa gida ta kai hannu baya, sai zane kawai. Ta koma da gudu ta leƙa rijiyar, ta ga fuska biyu. Na ce wa tsohuwar ai ba haka ƙarshen yake ba. Ta ce ita dai haka uwarsu ta ba su, ita da Iya, a tabarma ɗaya.

Na kasa cin abinci. Sai a ranar na gane cewa shirun da Iya ta yi tana juya kunu, ƙarshen take nema. Ba ta da tabbacin komai. Tsohuwa ce mai tsoro kamar kowa, da jika tana ƙarewa a bayanta.

Na sami Umma a ɗaki tana ninke kaya, na ce, "Umma, ashe Iya canza ƙarshen tatsuniyar nan ta yi, ta rijiya?"

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Na sani. Ai ni ta fara ba wa, ina yarinya, da fuskokin nan biyu."

Na ce, "Kin sani, kuma kika ba Safiya?"

Ta ajiye zanen da ke hannunta. Ta ce, "Uwata ba ta taɓa yi mini ƙarya ba sai ran nan. Da na ji ta yi, na san ta ga abin da nake ƙin gani a jikin yarinyar. Shi ya sa na haɗiye na farkon. Na ce in dai rijiyar ce, to wannan karon tare za mu tafi."