Goggo Ta Ce a Buga Biyu

Goggo ƙanwar mahaifina ce. Bayan rasuwar mijinta ɗanta ya ɗauko ta daga Kaduna ya ajiye ta a gidansa a nan ƙasar waje, a Mitchellville, inda take wuni ita kaɗai da talabijin, don shi da matarsa tun safe suke ficewa. Ni aikin jinya nake yi a wani asibiti, muna zaune da maigidana a Alexandria, ba nisa da su, a ɗaya daga dogayen benayen nan na haya. Idan na sami hutu nakan ɗauko ta ta kwana biyu a wurina, mu tuƙa tuwo, ta riƙa tuna mini mutanen da na manta.

Wata shekara da zafi ɗan nata ya shirya mana tafiyar shaƙatawa a jirgin ruwa, irin manyan nan masu kama da unguwa guda, daga Baltimore zuwa tsibiran Bahamas a dawo. Da shi za a yi tafiyar, sai aiki ya riƙe shi, ya ce ni da maigidana mu tafi da ita. Na ɗauka Goggo za ta ƙi. Ban taɓa ganin ta kusa da ruwan da ya wuce na bokiti ba, ko gada za mu haye a mota sai ta sunkuyar da kai ta kama carbi. Amma da aka gaya mata sai ta ce za ta.

Maigidana cewa ya yi kada in wahalar da kaina da takardu, komai yana cikin waya. Ni kuwa na sha ganin yadda waya ke mutuwa a daidai lokacin da ake buƙatarta. Ana saura kwanaki kaɗan mu tashi, da hantsi, na baje komai a teburin cin abinci. Na duba fasfon kowa ko wa'adinsa bai kusa ƙarewa ba. Na ciro katin Goggo na izinin zama a ƙasar, domin da fasfon Najeriya take tafiya, in babu katin ba za a bar ta ta shiga ba, balle ta dawo. Na haɗa da takardar aurenmu, saboda sunan da ke fasfona na gidanmu ne. Na sa takardar likita ta magungunanta na hawan jini. Abin da ya rage shi ne waɗanda ake bugawa: takardar shiga jirgi ta kowa, da doguwar takardar nan da ake ninkewa a maƙala wa akwati, sai kwafin fasfuna don gudun ɓacin rana.

Goggo ta jawo kujera ta zauna dab da firinta, tana kallon yadda takarda ke fitowa. Da tata ta fito ta ɗauka ta juya ta, duk da ba ta karatun boko.

Ta ce, "Wannan ce tawa?"

Na ce, "Ita ce, Goggo."

"To ki buga biyu."

Na ce ai dama kowa zan yi masa ta ajiya, in zuba a jakata.

Ta ce, "Ba ta ajiya nake nufi ba. Ki buga wata daban ki ba ni a hannuna. Har da ta akwatin."

Ban yi musu ba. Duk danginmu sun san Goggo 'yar tagwaye ce, kuma sun san abokiyar tagwaitakarta ta rasu tun suna yara. Mun taso mun ga ba ta sayen abu ɗaya. In atamfa ce turmi biyu iri ɗaya, in kofi ne biyu, ɗayan ya zauna a kabad har ya dushe. A wurinmu an saba ba a fifita ɗan tagwaye a kan ɗan'uwansa, sai muka ɗauki abin a matsayin sabon da ya bi ta har tsufa. Ba wanda ya taɓa gaya mini abin da ya kashe yarinyar, ni ma ban taɓa tambaya ba. Na buga na miƙa mata. Ta ninke takardar shigar da kyau ta sa a jakarta ta hannu, ta akwatin kuma ta sa na manne mata da salatif a hannun jakar.

Ranar tafiya rana ta take sosai. Muka bar motar a filin ajiya, masu ɗaukar kaya suka karɓi akwatuna, muka shiga wani makeken ɗaki mai kama da sito, cike da mutane cikin gajerun wanduna da hulunan rana. Ta tagogin sama ana hango gefen jirgin, fari, ya tare sararin sama gaba ɗaya. Goggo ba ta ɗaga kai ta dube shi ba. Na lura dai tana tafiya a ɗan karkace, ta bar fili a damanta, kuma duk inda layi ya matse sai ta miƙa hannu ta tare wajen.

Da muka isa kanta, wata baturiya mai fara'a ta karɓi takardunmu. Abin da na guda kuwa ya faru a gabanmu, don mutumin da ke kanta ta kusa yana ta ɗaga waya sama yana neman sabis. Mu nan da nan aka duba fasfo, aka duba katin Goggo, aka haska takardun shiga. Sai matar ta ce saura hoto, wanda za a haɗa da katin da kowa zai riƙa shige da fice da shi a jirgi. Ta ɗaga wata faffaɗar waya. Ta ɗauke ni, ta ɗauki maigidana. Ni ina tsaye a gefenta, ina ganin allon. Idan ta saita mutum, wani ɗan akwati rawaya yakan fito ya kewaye fuskarsa kafin hoton ya ɗauku.

Da ta saita Goggo, akwati biyu suka fito. Ɗaya a fuskarta. Ɗayan a ƙasa, ta dama, daidai gwiwar hannunta.

Matar ta leƙa ta gefen wayar. Bayan Goggo ba komai sai farin kyallen da aka kafa don hoto. Ta ce wa maigidana ya ɗan ja baya, ko inuwarsa ce. Ya ja. Ta goge gilashin da bakin rigarta, ta sake ɗagawa. Akwatin na biyu yana nan, babu komai a cikinsa sai farin kyalle da gefen mayafin Goggo. Ina kallo ya ɗan gusa sama, ya dawo ƙasa, kamar yadda yaro ke yi in ya yi ɗage yana son a gan shi.

Matar ta yi dariya, ta ce da Turanci na'urar ta ƙi ɗauka, wai tana ganin mutum biyu. Na buɗe baki in fassara wa Goggo, sai na ga ba ta buƙata. Ba ta waiwaya ba. Ta zuge jakarta, ta zaro takardar nan ta biyu, ta sauke hannunta ƙasa ta dama tana riƙe da ita. Sannan ta yi magana a hankali, da muryar da ban san ta da ita ba, irin wadda yara ke yi wa juna.

"Ga taki nan. Matsa a ɗauke ni tukuna."

Akwatin na biyu ya ɓace. Hoton ya ɗauku. Matar ta ce madalla, ta miƙo mana katuna, ta kira na bayanmu.

Tsoro ya kama ni. A aikina na tsaya a kan mutane da yawa suna cikawa, ban taɓa jin irin wannan ba. Maigidana ya raɗa mini cewa na'urorin nan haka suke, ko zanen atamfa suka gani sai su ɗauka fuska ce. Na gyaɗa kai. Goggo dai farin leshi ta sa ranar, da mayafi ruwan toka.

A kan doguwar gadar da ake bi a shiga jirgin ta tsaya ta huta, ta kama ƙarfe. Ƙasa can ruwan tashar ne, baƙi-baƙi, yana lasar jikin jirgin. Na ce mata ko in nemo keken turawa. Ta ce a'a.

Ta ce, "Ubanki bai taɓa gaya miki ba ko?"

Na ce bai taɓa ba.

"Kasuwa za mu a ƙetaren kogi ni da 'yar'uwata, da damina. An saya mana ɗankunne, sai ɗaya ya lalace, aka ba ni mai kyaun. Ta yi fushi ta ƙi zama kusa da ni a kwale-kwale, ta koma can baki. Da muka kai tsakiya ruwa ya juya mu. Ni wani ya cafko ni ta wuyan riga." Ta gyara riƙon jakarta. "Tun daga ranar in na doshi ruwa sai ta zo. Shi ya sa ba na zuwa. Yanzu kuwa na tsufa, na ce bari in kai ta ta ga babba."

Ta mayar da takardar cikin jaka. Na ga gefen da ta riƙe ya jiƙe ya yi laushi, tawadar ta ɗan baje. Ana zafi ranar, kuma tafin hannun tsofaffi ma yana gumi. Haka na gaya wa kaina har muka shiga.

Kwanakin da muka yi a teku ban taɓa ganin Goggo cikin walwala irin haka ba. Ta ci abinci sosai, har da kifin da ba ta san sunansa ba. Bayan azahar takan sa in kai ta can saman jirgi, ta zauna a inuwa ta fuskanci ruwa, ta ajiye jakarta a kujerar da ke damanta. Wata rana wani dattijo ya zo zai zauna, ya kai hannu zai ɗauke jakar, sai ya tsaya, ya ce a yi haƙuri, ya wuce. Goggo ba ta ce masa komai ba, ni ma haka. Ina zaune a hagunta da littafi a buɗe, ban karanta ko shafi ɗaya ba.

Da muka sauka a tsibirin ta ce a kai ta bakin ruwa. Ta tuɓe takalmi, ta ɗage zani kaɗan, ta shiga har idon sawu, ni ina riƙe da hannunta na hagu. Ruwan garai-garai yake, ana ganin yashi da ƙananan kifaye. Ta daɗe tana kallon ƙafafunta.

Ta ce, "Namu ja ne. Ba a ganin ƙasa."

Muka tsaya har rana ta fara cizo. Da muka juyo, sai na ga tana tafiya sosai a tsakiyar hanya, tana kaɗa hannu biyu. A jirgi ta ɗora jakarta a cinya, wata mata ta zo ta zauna a damanta, har suka gaisa da hannu. Ban tambaye ta inda ta baro 'yar'uwar tata ba.

Bayan mun dawo na kai ta Mitchellville, ta raba wa jikokinta tsaraba, ta shiga ba surukarta labarin yawan abincin da ake zubarwa a jirgi. A ƙarshen makon na kira mahaifina a Kaduna. Bayan gaisuwa na ce masa Goggo ta ba ni labarin kwale-kwale.

Ya ce, "Ina bakin gaɓa ranar. Ni na raka su. An yi ta nema har ruwa ya janye, ba a same ta ba." Ya yi gyaran murya. "Ta shiga jirgin dai?"

Na ce, "Ta shiga, Baba. Har cikin ruwa ta sa ƙafa."

Ya ce, "To. Allah Ya ji ƙanta." Daga nan ya tambaye ni aikin asibiti, da ko maigidana ya rage ƙibar nan tasa. Na ce bai rage ba.