Tafin Kawu a Jikin Kwano

Kawuna makanikin jiragen yaƙi ne, masu jefa bam. Duk sabon injin da aka kawo sai ya fi na baya gudu da ƙara, har suka cinye masa kunne. Da ya yi ritaya ya dawo wurinmu a Mpape, sai ya riƙa ɗora tafinsa a jikin kwanon ɗaki. Da zarar kwanon ya girgiza, sai ya fito yana sara wa sama, yana faɗa mana irin injin jirgin da ya wuce.

Ran nan ya yi haka a gaban baƙina. Haushi ya kama ni, na rubuta masa a takarda: "Kawu, ba jirgi ba ne, dutse ake fasawa da nakiya. Kullum ma dutse ne."

Ya karanta sau biyu, ya ninke, ya sa a aljihu. Har ya rasu bai ƙara taɓa kwanon ba.