Littafin da Baba Mai Ɗinki Ya Matse

Shekara talatin da ɗaya Baba Mai Ɗinki ya yi yana gyaran littattafai a wani ƙaramin ɗaki da ke bayan ɗakin karatu na jama'a. Kayan aikinsa ba su wuce basilla da zare da gwangwanin gam ba, sai tsohon injin matsi na ƙarfe da ake murzawa da hannu. Littafi kan zo masa a yage, ya fita a ɗinke, shafukansa a kwance kamar an yi musu guga. Ya tsani takarda mai kumburi, har matarsa kan ce da mutum na shiga injin nan, da tuni ya matse 'ya'yansa sun miƙe.

A ƙarshen baranda akwai sashen makafi, wanda wata mata da kowa ke kira Malama take kula da shi. Rubutunsu ba na tawada ba ne. Ƙananan ɗigo ne masu tudu da ake tokarowa da tsinken ƙarfe ta bayan takarda, mai karatu ya bi su da yatsa. Baba ya san haka a ka, amma bai taɓa riƙe littafinsu a hannu ba.

Wata ranar Juma'a Malama ta fita kai littattafai gidajen waɗanda ba sa iya zuwa. Baba ya leƙa, ya ga kundi uku a kan teburinta, ɗinkinsu ya saki, kowanne ya kumbura kamar ya sha ruwa. Tausayi ya kama shi. Ya kwashe su, ya ɗinke, ya jera a injin, ya murza har ƙarfen ya yi ƙara.

Ranar Litinin ya kawo su yana murmushi. Ya tarar da Malama tana ta bincike a kan kantoci, ga kuma Mai Waya a zaune yana jira. Mai Waya makaho ne da ke amsa kiran waya a wani asibiti. Saura kwana tara ya zauna jarrabawar ƙarin girma, kuma kundayen nan su ne littafin dokokin aikinsa, wanda Malama ta yi wata bakwai tana tokare masa da hannunta. Babu wani kwafi na rubutun makafi.

"Ga su nan, 'yata, na gyara miki," in ji Baba.

Malama ta dubi yadda kundayen suka rame. Mai Waya ya miƙa hannu, ya buɗe na farko, ya shafa. Ya juya shafi, ya sake shafawa. Yatsunsa suka zarce sumul har gefen takarda.

"Malama, wannan ai fari ne. Ina nawa?"

"Shi ne naka," ta ce da ƙyar. "Baba, a injin ka sa su?"

"Kwana uku. Na ga sun kumbura..."

"Innalillahi! Kumburin nan shi ne rubutun!"

Baba ya zauna a kan benci ba tare da an ce ya zauna ba. Ya dubi tafin hannuwansa kamar na wani ne. Bai taɓa ɓata littafi ba, yau ga shi ya shafe uku da ƙwarewarsa.

Mai Waya ya yi wata busasshiyar dariya. "Baba, riga ka ɗauke shi da za ka yi masa guga? To ni ma ka sa ni a injin, ko abin da na haddace zai kwanta."

Babu wanda ya taya shi dariya.

Baba ya jawo kundin don kunya ta hana shi ɗaga kai. Da ya karkata takardar wajen taga, sai ya hangi tabon kowane ɗigo ta baya, ƙanana kamar sawun tururuwa.

"Malama, in na bi tabon nan na sake tokarowa, zai karantu?"

"Ai ba ka san rubutun ba, Baba."

"Ban sani ba, amma ido da basilla nawa ne."

Ya dasashe bakin basillarsa don kada ta huda takarda, ya shimfiɗa fata mai laushi a ƙasa, ya bi layi ɗaya. Mai Waya ya ɗora yatsa, leɓunansa suka motsa, ya karanta layin a fili.

Kwana takwas Baba ya yi sunkuye a gaban tagar, yana gama shafi yana miƙa wa Mai Waya, shi kuma yana cewa, "Yi sauri, mai guga, na kamo ka." Yatsun Baba suka yi kanta, idanunsa suka yi ja. Kundi biyu da rabi ya iya tayarwa. Ragowar Malama ce ta karanta wa Mai Waya da baki daga littafin tawada. Mai Waya ya zauna jarrabawa, ya haye da ƙyar.

Baba ya ƙara shekara huɗu a aiki kafin ya yi ritaya. A duk tsawonsu bai sake murza injin a kan littafi ba sai ya rufe ido ya shafa shafinsa tukuna.