Hasken da Takwarata Ta Haɗa a Kwalba

Ana sallame sallar asuba muka bar Kurmin Kogi, ni da babban ɗana da wata maƙwabciyata da ba ta barin tafiya ta wuce ta. Kudan muka nufa. Jikata, wadda aka sa wa sunana, ta zo hutun kwana uku gidan mijinta daga jami'a, ta aiko cewa lallai in zo in ga abin da ta yi shekaru tana haɗawa. Wai haske ne. Na amsa da sauri, sai dai akwai abin da ban faɗa wa kowa ba: damina biyu ke nan idona yana yin hazo. Ni da nake zura wa matan unguwa zare a allura, ina zan kai wannan magana?

A Ikara muka sauya mota. Direban ya loda mu tare da kwandunan tumatir, ya ce wurin mutum huɗu ne, alhali ko akuya huɗu sai sun yi faɗa. Hanyar Makarfi ta yi kyau a wasu wurare, a wasu kuma sai ka riƙe haƙoranka. Ƙamshin rake da ake dafawa a yi mazarƙwaila shi ya sanar da ni mun iso. Tsadarta ta sa maƙwabciyata salati, amma ta saya, ta ci rabi kafin mu tashi.

A tashar nan na yi abin kunya. Na hangi mata zaune a inuwa, na tsaya na gaishe su da kyau, har da tambayar yara. Ashe buhunan barkono ne. Na ce ai da mai barkonon nake. Ɗana ya dai riƙe hannuna har mota, abin da bai saba ba.

Mun shiga Kudan da hantsi. Bayan fura da gaishe-gaishen surukai, takwarata ta ja ni ɗaki, ta jera 'yan kwalabe huɗu masu gari a ciki. Ta ce irin wannan garin ake shimfiɗawa a fuskar wasu wayoyi, shi yake ba da haske da kansa. Duk huɗun haɗi ɗaya ne, ƙwayar sinadari ɗaya tak ta sauya a kowanne, daga 'yan gida ɗaya: fulorin, kulorin na tsabtace ruwa, buromin, sai aidin da ake sa wa gishiri saboda maƙoƙo. Kowanne ya fi na gabansa nauyi, kuma nauyin nan yana sauya launin hasken da daɗewarsa. Na ce wannan ai na sani, 'yar kanwa kaɗan ke sauya wa zoɓo kala. Ta yi dariya ta ce da na yi boko da na kore su duka.

Sai ta haska kwalbar farko da wata 'yar tocila. "Kaka, wane launi kika gani?"

Ban ga komai ba sai fari-fari. Na ce, "Ja ne, mai kyau kuwa."

Shuɗi ne ashe.

Takwarata ta miƙe. Ta rufe taga, ta ɗauko bargo ta lulluɓe kanmu mu biyu, kamar yadda nake yi mata tana ƙarama in zan ba ta tatsuniya. Ta kawo kwalbar buromin dab da idona na dama, ta haska, sannan ta kashe tocilar. Jama'a, garin nan bai mutu tare da tocilar ba. Wani kore ya tsaya a cikin duhun kamar tsawon numfashi guda, sannan ya lafa. Na gan shi sarai. Na ce ta sake. Sau bakwai tana sakewa.

A ƙarƙashin bargon na faɗa mata gaskiya, cewa ko fuskarta rabon da in gan ta sosai tun kafin bikinta. Ta ce, "Kaka, yanar ido ce fa, ana cire ta a asibiti. Taurin kanki ne dai ba a cirewa." Na ce a wurina ta gada. Muka yi dariya, hawayenta na ɗiga a hannuna.

Da la'asar muka kamo hanya. Kafin mu kai Makarfi na gaya wa ɗana maganar idona da bakina, a gaban maƙwabciyar tawa, wadda na san kafin magariba duk unguwa ta ji. To, su ji. Tafiyar nan ta nuna mini cewa ɓoyon da nake yi, yaran nan nake hana wa damar kula da ni. Mun isa gida lafiya, na ce a nemo mini rana a asibiti tun kafin takwarata ta koma makaranta. Koren na gani. Shuɗin nan kuwa da na kira ja, lallai sai na gan shi da idona bayan an cire yanar.